Keke da Titin Zariya: Ina Mai Keke Zai Bi a Kura da Bunkure?

Keke ya daɗe yana ɗawainiya da noman rani a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, manomi kan ɗaura fartanya da buhun taki a bayan keke ya nufi gona da asuba. A hanyoyin ƙasa da ke bin gefen magudanan, kusan ba shi da fargaba, domin mota ba ta iya gudu a kansu.

Matsalar tana farawa ne idan ya hau titin Kano zuwa Zariya. Titi ne mai hannu biyu, tireloli da motocin haya na sheƙa gudu, kuma ba a ware wa keke wani layi ba. A kakar tumatir, wajen Kwanar Gafan, motocin lodi kan cinye gefen kwalta, sai mai keke ya shiga tsakiyar hanya da kwando a baya. Ga hazon hunturu, ga kekuna da yawa babu fitila. Gyaran titi ma, duk da alherinsa, yana ƙara wa direba ƙarfin gwiwar taka mota.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ko Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya yi kamfen ɗin hawa keke a 2001, mota ta taɓa ture shi a Abuja.

A wasu ƙasashe gardama kan inda mai keke zai bi ta sha bamban. A 2024 gwamnatin Ontario a Kanada ta yi dokar cire layukan keke a manyan titunan Toronto uku, bisa hujjar cunkoso. Masu keke suka kai ƙara, a Yulin 2025 kotu ta ce cirewar na jefa rayuka cikin haɗari.

A Kura kuwa babu layin da za a cire. Abin da ya fi dacewa shi ne a kare gefen kwalta daga masu fakin da masu kasa kaya, a rage gudu a cikin garuruwa da mahaɗar kasuwanni, a kuma gyara hanyoyin gefen magudanai yadda manomi zai kai gona ba tare da ya gogi tirela ba.