Shirwar Masar: Yadda ake tashi da Pharah ba tare da an kaɗo ka ba

Ranar da na fara ɗaukar Pharah a wasan Overwatch, ban yi daƙiƙa goma a sama ba aka kaɗo ni. Na danna maɓalli, injin da ke goye a bayanta ya yi ruri, sai ga ni can ƙololuwa ina hangen filin gaba ɗaya kamar wanda ya hau hasumiyar Gobarau. Daɗi ya kama ni. Kafin in saita bindiga, wani da ban ma san inda yake ba ya sakar mini harsashi, na rikito ƙasa. Na sake tashi, aka sake kaɗo ni. Sau shida a wasa guda. Ƙanena, wanda kwamfutar tasa ce, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yaya, kai kana ganin kowa, amma fa kowa ma yana ganin ka."

Ga wanda bai san wasan ba, Overwatch wasan harbi ne da ake yi ƙungiya da ƙungiya ta intanet. Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya fitar da shi a watan Mayun 2016, kuma a shekarar ce ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. A watan Oktoban 2022 aka fito da Overwatch 2, aka mayar da shi kyauta, aka rage 'yan kowace ƙungiya daga shida zuwa biyar: ƙato ɗaya mai tare gaba, maharba biyu, sai masu agaji biyu da ke warkar da waɗanda aka raunata. Ba a waya ake buga shi ba kamar Free Fire. Sai da kwamfuta, ko PlayStation, ko Xbox, ko Nintendo Switch. Hukumomin da ke tantance wasanni sun ware shi ga 'yan shekara 13 zuwa sama a Amurka, 12 a Turai. Kuma ba yawan waɗanda ka kayar ne ke ba da nasara ba. Ko dai ƙungiyarku ta ƙwace wani fili ta riƙe shi, ko ta raka wata mota har inda aka ce a kai ta.

Wace ce Pharah?

Sunanta na gaskiya a labarin wasan Fareeha Amari, 'yar ƙasar Masar. Mahaifiyarta, Ana, gwanar harbi daga nesa ce, kuma tana cikin waɗanda suka kafa rundunar Overwatch. Fareeha ta tashi da burin gadon uwarta, ta shiga sojan Masar ta yi fice, amma kafin ta kai ga shiga rundunar aka rushe ta. Sai ta kama aiki da wani kamfanin tsaro mai suna Helix, tana gadin wata cibiyar bincike a yankin Giza, inda manyan dalolin nan suke. A can aka ba ta sulken da ake kira Raptora, shuɗi, mai fukafukai da kwalkwali mai kama da kan shaho.

Makaminta bindigar roka ce mai cin harsashi shida kafin a sake ɗurawa. Tana da inji mai cilla ta sama da ƙarfi, da wani mai riƙe ta tana shawagi, da wani ƙaramin makami a hannu mai tunkuɗe mutane. A kallo, babu jarumin da ya kai ta burgewa. A nan ne ma tarkon yake.

Mai ba ya ƙarewa a sama sai an faɗo

Shawagin Pharah da mai yake tafiya, kuma akwai ma'auninsa a fuskar allo. A da, gwanaye kan iya jujjuya man nan su daɗe a sama ba su taka ƙasa ba. A watan Fabrairun 2024 Blizzard ya sake mata tsari: ya ƙara mata wata zabura ta gefe mai sauri, amma ya sa tankin ba ya cika da kansa sai ta sauka. Tun daga nan wasa da ita ya zama hawa da sauka.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ƙone mai duka wajen hawa can sama a tsakiyar fili. Idan man ya ƙare, sai ya fara gangarowa a hankali, a miƙe, babu abin da zai ɓuya a bayansa, kuma sau da yawa a tsakiyar abokan gaba zai dira. Wanda ya iya, kusa da gini yake tashi. Ya leƙo ta saman katanga, ya saki roka biyu ko uku, ya koma bayan ginin, ya sauka a baranda ko wani tudu man ya dawo, sannan ya ɓullo ta wani gefen da ba a tsammani. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san shirwa ba ta tsayawa cak a saman gida tana jiran a ɗauko gwafa. Kewayawa take yi, ta faki ido, ta sure ɗan tsako, ta yi gaba.

Ƙanena ya koya mini wata ƙa'ida da na ga amfaninta: kafin ka tashi, ka san inda za ka sauka. Idan ka duba ba ka ga wurin ba, zauna a ƙasa tukuna. Pharah tana iya harbi da ƙafafunta a ƙasa, kuma babu abin kunya a ciki.

Lissafin da malamin Fizis ya koya maka

Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. Bindigogin Overwatch iri biyu ne. Akwai na nan-take, waɗanda da ka danna, harsashin ya riga ya isa inda ka saita. Akwai kuma waɗanda harsashinsu ke tafiya a iska ana ganin sa. Rokar Pharah tana cikin na biyu. Tun gyaran 2024 tana gudun mita 40 a daƙiƙa guda, yawancin jarumai kuwa suna tafiyar mita 5.5 a daƙiƙa.

To, ɗauko biro. Lokaci shi ne nisa a raba da gudu. Idan abokin gaba yana nesa da kai da mita 20, rokar za ta ɗauki rabin daƙiƙa kafin ta isa. A wannan rabin daƙiƙar, shi ya matsa mita 2.75. Idan ka harbi inda yake tsaye, ƙasa kawai za ka fasa. Sai ka harbi inda zai je. Yanzu ninka nisan zuwa mita 40: rokar na buƙatar daƙiƙa guda cur, shi kuma ya matsa mita biyar da rabi, ko ma ya hango ta tana zuwa ya kauce. Shi kuwa mai bindigar nan-take da ke ƙasa, ba shi da wannan jiran ko kaɗan. Ka ga ashe ƙara nisa sama kai yake cuta, ba shi ba.

Shi ya sa gwanaye ke matsowa kusa fiye da yadda sabon shiga zai zata. Rokar da ta sami mutum a jiki tana cire masa maki 120 na lafiya, don haka biyu ko uku sun isa su kayar da yawancin maharba da masu agaji. Wadda ta fashe a kusa da shi ma tana yi masa lahani, amma kaɗan. Daga sama, ƙasa tana bayan duk wanda ka saita, don haka ko ka kuskure jikinsa fashewar za ta taɓa shi. Wuraren da suka fi daɗin harbi su ne ƙofofi da lunguna, inda dole mutane su bi a matse, ba sai ka yi dogon hasashen inda za su nufa ba. Blizzard kan taɓa waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, amma lissafin yana nan yadda yake.

Masu farautarta

Da zarar ƙungiyar da kuke karawa ta ga Pharah tana damun ta, wani zai canza jarumi, domin wasan ya yarda a yi canji a ɗakin farawa ko da ana tsakiyar fafatawa. Za ka ga Soldier: 76, ko Cassidy, ko Ashe, ko Widowmaker mai harbin nesa, dukkansu masu bindigar nan-take. D.Va, 'yar Koriya mai tuƙa mutum-mutumin ƙarfe, za ta iya tasowa ta same ka a sama, ta kuma haɗiye rokokinka kafin su isa. Abin dariyar shi ne, Ana, wato uwar Pharah, tana cikin masu ba ta wahala: tana harbin ta daga nesa, kuma tana da allurar da ke sa mutum barci, ya faɗo daga sama kamar buhun gero.

A nan ake gane mai wasa don ƙungiya da mai wasa don kansa. Duk lokacin da aka kaɗo ka, abokanka huɗu ne za su fuskanci mutum biyar har ka dawo. Idan an yi haka sau uku a jere, ko dai ka canza hanyar da kake bi, ko ka canza jarumin. Na sha ganin masu nacewa a kan Pharah har wasa ya ƙare suna zagin masu agaji wai ba a warkar da su ba. Ta yaya za a warkar da wanda ya tafi inda babu mai iya kai masa?

Mai iya bin ta cikin sauƙi ita ce Mercy, likita 'yar Suwizalan, wadda ke iya tashi ta nufi duk abokin da ta hango. Idan ta maƙale wa Pharah tana warkar da ita tana ƙara wa rokokinta ƙarfi, su biyun kan zame wa abokan gaba ƙarfen ƙafa. Amma ka tuna, ka janye ɗaya daga cikin masu agaji biyu daga sauran mutum uku. Idan ba ka kayar da kowa ba, asara ƙungiyar ta yi. Kuma idan ka shige bayan gini ba ka waiwayi Mercy ba, ka bar ta tana lilo a fili, ita za a fara harbewa.

Babban makamin Pharah, wanda sai ya taru ake amfani da shi, ruwan ƙananan rokoki ne da take saki a lokaci guda. Yana iya share ƙungiya. Matsalar ita ce tana tsayawa wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu, kuma tana ɗaga murya tana shelar cewa adalci na zubowa daga sama, kowa ya ji ya ɗaga kai. Masu wasan sun daɗe suna barkwanci da yadda ake kashe ta kafin ta ƙarasa maganar. Gara ka sake shi daga kusa, ta bayan mutum biyu da hankalinsu ke wani wuri, da ka hau sama kana neman biyar.

Daga nan gida

Mai wasa daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin abokin gaba: nisa. Na'urorin da ke haɗa wasan suna wata nahiya, don haka duk abin da ka danna sai ya yi tafiya ya dawo. A gidanmu jinkirin kan wuce milisakan 150. Wasan yana fifita abin da mai harbi ya gani a allonsa, shi ya sa za ka ga ka riga ka shige bayan katanga amma aka kashe ka. Maganin shi ne ka riƙa komawa maɓoya tun kafin ka ji kana cikin haɗari. Idan kuma wutar unguwarku ba ta da tabbas, kada ka shiga wasan gasa, domin fita a tsakiya na jawo dakatarwa, ko da ba da gangan ka fita ba. Kayan adon da ake sayarwa a ciki kuwa ba sa ƙara wa roka ko maki ɗaya, kada kuɗin makaranta ya tafi can. Wanda ya fara zagi a ɗakin hira, akwai maɓallin toshe shi da na kai ƙararsa.

Af, akwai ɗan Najeriya a wasan. Doomfist, mai ƙaton dunƙulen ƙarfe a hannu ɗaya, sunansa Akande Ogundimu, kuma labarinsa ya ce dambe na cikin salon faɗan da ya koya. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dambe da hannu ɗaya a naɗe zai ga kamar da ke tsakaninsu.

Sai da na yi kusan mako uku, a ranakun Asabar da Lahadi, kafin in yi abin da ƙanena ya yaba. A filin Ilios ne, wani gari na ƙasar Girka, inda akwai ƙatuwar rijiya a tsakiyar wurin da ake ƙwacewa. Ban hau sama ba sam. Na lallaɓa ta bayan wani gida, na jira har mutum biyu suka tsaya a bakin rijiyar suna harbin abokaina, na ɗan ɗaga kaɗan, na saki makamin tunkuɗar nan a ƙasa ta bayansu. Duka biyun suka afka ciki. Ban harba roka ko ɗaya ba. Ƙanena ya miƙe tsaye yana ihu, har Umma ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Muna cikin murnar ce Widowmaker ta same ni a ka.