Tsohuwar Mota Da Sabon Zugazugi

A ƙasar Ingila da Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar tsohuwar mota. Mutum yana da sabuwa a ƙofar gida, amma ran Asabar sai ka gan shi kwance a ƙarƙashin wata 'yar ƙarama mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ta girme shi ko kuwa sa'ar ubansa ce. Daga cikin irin waɗannan motoci na ƙwalisa, waɗanda aka ƙera don gudu da shan iska, da wuya a sami wadda ta kai MGB yawa. Kamfanin MG ya fara ƙera ta a garin Abingdon, kusa da Oxford, cikin 1962, bai daina ba sai cikin 1980 da aka rufe masana'antar. A tsakanin nan an yi fiye da guda dubu ɗari biyar, mafi yawansu kuwa Amurka aka kai su.

A zamaninta ba a raina ta. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798, ƙarfinsa na doki 95, tana ɗan wuce mil 100 a sa'a. Amma yau motar kai yara makaranta ma sai ta bar ta a danja. Waɗanda aka kai Amurka daga 1975 sun fi ban tausayi, don dokokin rage hayaƙi sun sa an cire musu kafireta biyu an bar su da ɗaya, ƙarfin ya faɗo ƙasa da doki 70. To, a nan ne mai motar yakan fara tunanin abin da Turawa ke kira sufacaja, watau wata na'ura da ake sayarwa a akwati guda da dukan kayan haɗinta, a ɗaura wa inji don ya ƙara ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin aikin wannan na'ura. Gawayi shi ne gawayi, amma da zarar yaron maƙeri ya kama zugazugi sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Injin mota ma wuta yake hurawa a cikin silinda, kuma abin da ke taƙaita wutar nan iska ce. Zuba fetur ba wuya, amma kowane awo ɗaya na fetur yana bukatar wajen awo goma sha biyar na iska kafin ya ƙone sarai. Inji kuwa ba ya samun iska sai wadda fistin ya zuƙo sa'ad da yake sauka. Direbobin da ke tasowa daga Ikko su nufi Jos sun san wannan a aikace ko da ba su san dalilinsa ba. Ikko tana bakin teku, Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi. Motar da ba ta da abin tura iska takan rasa kusan kashi 12 cikin ɗari na ƙarfinta a can, shi ya sa bayan an gama Hawan Kibo sai a ji totur ya yi sanyi, alhali ba abin da ya lalace.

Sufacaja tana yin kishiyar wannan ne. Bel yana ɗauko juyi daga karanshaf ya juya ta, ita kuma ta danna iska da fetur cikin inji da ƙarfin tsiya. A ma'aunin da masu faci ke gwada taya da shi, nauyin iskar da ke kewaye da mutum a bakin teku 14.7 ne. In na'urar ta ƙara shida a kai, an sami ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari ke nan. Bambancinta da tabo, wadda direbobin manyan motoci suka sani, shi ne ita tabo hayaƙin salansa ne ke juya ta, saboda haka sai inji ya ɗau zafi yana gudu kafin ta kawo agaji. Mai bel kuwa tun daga taka totur take aiki.

Asalin abin ma daga maƙera ya fito. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiana ta Amurka, su suka yi rajistar irin wannan mazugi cikin 1860, aka riƙa amfani da shi wajen hura wutar narkar da ƙarfe da kuma tura iska cikin ramukan haƙar ma'adini. Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu ɗauke da shi a Berlin cikin 1921. MG ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Da motarta K3 mai sufacaja Tazio Nuvolari, ɗan Italiya, ya ci tseren Tourist Trophy a Ireland ta Arewa cikin 1933. Cikin 1957 kuma Stirling Moss ya yi gudun mil 245 a sa'a a filin gishiri na Bonneville da wata MG ta musamman mai suna EX181, wadda injinta bai kai lita ɗaya da rabi ba, amma da taimakon sufacaja ta Shorrock ya ba da doki 290. Sai dai masu kawo wannan labari a gareji sukan manta su ƙara da cewa wancan inji ba fetur na gidan mai ya sha ba, haɗi ne na musamman, kuma ba a nemi ya yi shekara goma yana kai mutum wurin aiki ba.

Sayar da na'urar a akwati don mai mota ya ɗaura da kansa ya yi tashe cikin shekarun 1950 da 1960. A Amurka akwai Judson, a Ingila akwai Shorrock, ana ɗaura su a MG da Austin-Healey Sprite har da Volkswagen ƙirar kunkuru. Irin na Judson suna da filafilai masu gogar bangon cikinsu, don haka dole a riƙa ɗiga musu mai daga wani ɗan tulu da ke gefe. Ranar da mai mota ya manta ya cika tulun, ranar na'urar za ta ci kanta. Na baya-bayan nan sun fi sauƙin sha'ani. Bayan shekara ta 2000 kamfanin Moss Motors na California, mai sayar da kayan gyaran tsofaffin motocin Ingila (ba shi da dangantaka da direban nan Stirling Moss, suna ne kawai ya zo ɗaya), ya fito da kayan haɗi na MGB da aka gina a kan mazugin kamfanin Eaton, jikan na 'yan'uwan nan Roots. Irinsa ne masana'anta da kanta ta sa a Mini Cooper S ta 2002. Yana da nasa mai a rufe a ciki, yana kuma da wata 'yar ƙofa da ke barin iska ta kewaye shi in ana tafiya a hankali, don kada ya riƙa cin ƙarfin inji a banza.

Ɗaurawar ba ta fi ƙarfin makanike mai natsuwa ba. Za a kwance kafiretocin SU guda biyu da bututunsu, a ɗaura sabon bututu da mazugin a gurbinsu, a sa kafireta ɗaya babba a bakinsa, a canja fuli da bel. Ba a huda komai a jikin injin. Wannan sauƙi shi ne yake ruɗin mutane, don aikin da ya fi muhimmanci ba ya cikin akwatin.

Abu na farko zafi ne. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda gindin famfon keke yake ɗumi a hannu. Matsin shida ɗin nan kaɗai yana ƙara wa iska fiye da digiri 30, ko da mazugin ba shi da aibi ko kaɗan, a zahiri kuwa ya fi haka. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka wani ɓangare na ribar ya tafi tun a nan, wani kuma ya tafi wajen juya mazugin kansa. Amma babbar ɓarnar tana cikin silinda. A ƙa'ida, in fulogi ya ba da wuta, haɗin fetur da iska yakan ci ne daga tsakiya zuwa gefe, ya tura fistin a hankali kamar mai tura ƙofa. In zafi da matsi suka yi yawa, ragowar haɗin da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Direba zai ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa. Ƙarar ba ta da yawa, amma kowane bugu guduma ce a kan fistin. In aka yi kunnen ƙashi, sai ringi ya karye, ko gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ko kan fistin ya huje. Abin takaici kuma, kukan mazugin da iskar da ke kaɗawa a motar da ba rufi sukan rufe wannan ƙara, mai mota bai ji ba sai hayaƙi ya turnuƙe.

Maganinta sananne ne, sai dai kowane kashi yana da kuɗinsa. Dole a sha fetur mai babban okten, watau mai jure matsi kafin ya kama, irin wanda ake sayarwa da tsada a gidajen man Ingila. Dole a ja taimin baya a distiributa, don wuta ta zo a ɗan makare sa'ad da mazugin ke turi. A sa fulogi mai saurin sakin zafi, a kuma saita kafireta yadda fetur ba zai yi ƙaranci ba in an take totur har ƙasa, gama haɗin da fetur ya yi masa kaɗan shi ya fi ƙona fistin. Masu hankali sukan kai motar wurin da ake ɗora ta a kan na'urar gwaji, tayoyi na juyawa tana tsaye, a auna hayaƙinta a kowane gudu. Wani abin mamaki shi ne, MGB ɗin Amurka na shekarun 1970 da ake yi wa dariya su suka fi karɓar sufacaja, domin an rage matsin silindarsu daga 8.8 zuwa 8.0, saboda haka suna da sarari.

Sa'an nan sai lafiyar injin kansa. Ƙaramar MGB a yau ta haura shekara arba'in. Kafin a sayi komai, makanike na kirki zai auna matsin kowace silinda, in wata ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kashi goma cikin ɗari, a fara da gyaran wannan. Zai duba ƙarfin baƙin mai bayan inji ya yi zafi. Zai tambayi shekarar injin, don na farko, daga 1962 zuwa 1964, karanshaf ɗinsu a wuri uku yake zaune, daga baya aka mai da shi biyar, wanda ya fi jure wahala. Zai kuma leƙa mazaunin bawul. An ƙera waɗannan injuna ne a zamanin fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin daga cinyewa, an kuwa hana sayar da irin wannan fetur a gidajen man Ingila tun 2000. Kan injin MGB yana da wani rauni nasa: silinda biyu na tsakiya ƙofar hayaƙi ɗaya suke tarayya a kai, wurin yana tara zafi tun ba a ƙara masa komai ba. Lagireton da ya toshe rabi yana iya ɗaukar doki 95 a sanyin Ingila, ba zai ɗauki 130 a cunkoson rani ba. Kuloci da ya fara santsi zai ƙarasa. Birki kuwa faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma ba a ƙara masa komai don an ƙara wa inji. In aka tara kuɗin waɗannan duka, sau da yawa sukan kamo kuɗin akwatin.

Gardama a kan wannan al'amari ta tsufa. Cikin 1929 Sir Henry Birkin, wani direban tsere, ya nace sai an ɗaura sufacaja a motar Bentley mai lita huɗu da rabi. W. O. Bentley, wanda ya zana injin, bai yarda ba. Shi a ganinsa in ana son ƙarfi sai a ƙara girman inji. Birkin ya sami masu kuɗi suka goya masa baya, aka ƙera guda 55. Ƙarfin ya tashi daga doki 110 zuwa 175, na tsere ma har 240. A tseren sa'a ashirin da huɗu na Le Mans a Faransa cikin 1930, motocin Birkin biyu sun yi gudu na ban mamaki, amma ba wadda ta kai ƙarshe, Bentley mai babban inji marar mazugi ita ta ci. Kamfanin MG ma da ya so ƙara wa MGB ƙarfi hanyar Bentley ya bi: ya sa inji mai silinda shida cikin 1967, ya sa mai takwas na Rover cikin 1973, bai taɓa sayar da ita da sufacaja ba.

Wannan ba ya nufin na'urar banza ce. A lafiyayyen inji, da matsi kaɗan, da saiti mai kyau, tana mai da MGB mota mai daɗin tuƙi ƙwarai, mai hawa tudu a giya ta huɗu inda dā sai an sauko ta uku, kuma ba a yanka jikin mota ba kamar yadda ake yi in za a cusa babban inji. Inda ake faɗawa rami shi ne wurin fuli. In aka sa wa mazugin ƙaramin fuli zai ƙara juyi, matsi ya tashi daga shida zuwa takwas ko goma. Fulin ba shi da tsada, canja shi aikin sa'a guda ne, kuma mutumin da ya saba da sabon ƙarfi cikin wata biyu yakan fara jin kamar bai isa ba. Daga wannan mataki ana bukatar fistin na musamman da dabarar sanyaya iska, abubuwan da ba a sayar masa tare da fulin ba.

Akwai kuma hukuma. A Ingila wajibi ne mai mota ya sanar da kamfanin inshora duk wani canji irin wannan, in ya ɓoye kuma aka yi haɗari, kamfanin yana iya ƙin biyansa. A California motocin 1976 zuwa sama suna zuwa gwajin hayaƙi, ba a yarda a ɗaura musu kayan da hukumar kula da iska ta jihar ba ta amince da su ba, na 1975 zuwa ƙasa kuwa an ɗauke musu gwajin. Masu sayen tsofaffin motoci ma sun kasu biyu, waɗansu suna son ƙarin ƙarfin, waɗansu ba sa taya mota sai tana yadda ta fito daga Abingdon. Saboda haka ne yawancin masu ɗaura sufacaja ba sa sayar da kafiretocin SU ɗin da suka cire. Sukan wanke su, su naɗe a tsumma mai maiƙo, su ajiye tare da tsohon bututun da fulin a cikin akwatin da mazugin ya zo a ciki.