Wai Doka Ba Ta Aiki a Tsakiyar Teku?

Tun da aka amince da yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin watan Yunin 2023, ake ta jin wata magana daga bakin masu hankali. Suna cewa ruwan da ya wuce mil 200 daga gaɓa ba na kowa ba ne, babu sarki, babu ɗan sanda, babu alƙali, saboda haka duk dokar da aka rubuta a kansa za ta ƙare ne a takarda. Wasu na ƙarawa da cewa teku ta fi ƙarfin ɗan Adam ya ƙarar da abin da ke cikinta. Ba a banza suke faɗa ba. Wannan ruwa ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekunan duniya, kuma abin da aka keɓe a cikinsa domin kariya bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Duk da haka maganar ba daidai ba ce.

Batun cewa teku ba ta ƙarewa, mutanen Kanada sun riga sun ba da amsarsa. Kifin kod na gaɓar Niyufanlan ya ciyar da masunta ɗaruruwan shekaru, amma da manyan jirage suka shigo da taru mai sharar ƙasan ruwa, sai gwamnati ta wayi gari a 1992 tana hana kamun, dubun dubatar mutane suka rasa abin yi.

Inda kuskuren ya fi girma shi ne zaton cewa sai da ɗan sanda a tsakiyar ruwa doka za ta yi aiki. Jirgi ba ya zama a teku har abada. Dole ya ɗauki tutar wata ƙasa, kuma Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ta ɗora wa ƙasar alhakin abin da ya aikata. Dole ya sha mai, ya sauke kaya, ya sami mai saye. A waɗannan ƙofofi doka ke jiransa. Tun 2016 akwai yarjejeniyar da ta ba ƙasashe ikon hana jirgin ɓarayin kifi shiga tasharsu, ga kuma tauraron ɗan Adam da ke bin sawun jirage dare da rana.

A duba labarin jirgin Thunder. Ya yi shekaru yana satar kifi a ruwan kusa da Antatika, har hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta sa shi cikin jerin waɗanda ake nema. A watan Disambar 2014 jirgin ƙungiyar Sea Shepherd ya ci karo da shi. Thunder ya tsere ya bar ragarsa a ruwa, wadda da aka jawo ta aka tarar tsawonta ya kai kilomita 72. Kwana 110 ana bin sa. A lokacin tutar Najeriya yake ɗauke da ita, kuma ana cikin tseren Najeriya ta soke rajistarsa, ya zama jirgi marar ƙasa, babu tashar da zai nufa da kwanciyar hankali. Ranar 6 ga Afrilun 2015 ya nutse kusa da Sawo Tome, waɗanda suke bin sa su suka tsamo mutanensa 40 daga ruwa. Kotun ƙasar ta yanke wa kyaftin ɗin da manyan injiniyoyinsa biyu hukuncin ɗauri. Gaskiya ne ƙungiya mai zaman kanta ce ta yi wahalar, kuma wannan abin kunya ne ga gwamnatoci. Amma abin da ya toshe wa Thunder hanya doka ce: rajista, tasha da kotu.

Akwai masu cewa ko an keɓe wuri, kifi bai san iyaka ba. Haka ne, amma yana da wuraren da yake taruwa ya hayayyafa, kuma su ake nufi. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin Argungu ba zai ga baƙon abu a nan ba. A 2016 ƙasashen da ke kula da ruwan Antatika suka keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 a Tekun Ross. Ko ƙayyade kamu kaɗai yana tasiri: kifin tuna mafi tsada na Tekun Atilantika, wanda aka kusa yanke ƙauna da shi, a 2021 aka cire shi daga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, bayan an rage adadin da aka yarda a kama.

Ni a ganina, wanda ke cewa a bar teku yadda take don ta kowa ce, bai lura da wanda ke cin moriyar rashin dokar ba. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna ƙasashe ƙalilan, irin su Sin, Japan, Sifen da Koriya ta Kudu, su ke da mafi yawan jiragen da ke su a can, kuma fiye da rabin wuraren kamun ba za su kawo riba ba in da babu tallafin gwamnati. Ƙasar da ba ta da manyan jirage, ko ba ta da gaɓa sam kamar Nijar, tana da haƙƙi a wannan ruwa, sai dai doka ce kawai za ta iya tsare mata shi.

Sabuwar yarjejeniyar tana da rauni, ba a ɓoye ba. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba, kuma ba a ƙwace ikon hukumomin kamun kifi na yankuna ba. Sai dai ta gyara wani babban cikas. A Antatika sai kowa ya yarda kafin a keɓe wuri, shi ya sa Rasha da Sin suka daɗe suna tare sababbin shawarwari. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya, wadda ta cika ƙasashe 60 da ake buƙata a watan Satumbar 2025, idan an kasa samun baki ɗaya, ƙuri'ar kashi uku cikin huɗu ta isa a keɓe wuri.