Ranar da Ke Faɗuwa Kafin Ƙarfe Huɗu

Tun da hunturu ya kama a ƙasashen Turai, saƙonnin murya ke ta kai-komo daga 'yan'uwanmu da suka tafi Ingila karatu da iyalansu, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke nanatawa, wai rana ta rikice a can: ba ta fitowa sai ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuwa ta faɗi. Da labarin ya iso majalisun ƙofar gida sai ya sami masu fassara. Wasu suka ce alama ce daga alamomin tashin alƙiyama, wasu suka ce albarka aka ɗebe wa ƙasar, waɗanda suka ɗan zauna a aji kuma suka yanke hukunci cewa duniya ce ke yin nesa da rana a wannan lokaci. Na farkon nan biyu masu faɗinsu sun san zato suke yi. Na ukun ne ya fi tsaya mini a rai, domin da muryar ilmi ake faɗinsa, alhali kuwa akasin gaskiya ne.

Iyalin da suka sauka Landan a tsakiyar Disamba da shirin sanyi suke zuwa, sun bi 'yan gwanjo sun sayi riguna masu kauri da safa da hulunan yara, amma duhu ba wanda ya ambata musu shi. Uwargida za ta idar da Azahar wajen ƙarfe 12, ta ɗora tukunya, kafin ta sauke La'asar ta shiga, ƙarfe 2 ma ba ta yi ba. Yara suna dawowa daga makaranta an fara kunna fitilun titi, ga Magariba ta kawo kai. Salla uku ke nan cikin awa 4. Sai ta dubi maigidan ta ce, "Malam, anya agogon nan daidai yake?" Ta kira gida ta ce, "Inna, mu nan har mun yi Magariba," tsohuwa kuwa ta ɗaga kai ta ga rana tana nan a sama a Kano, ƙarfe 5 ba ta ko cika ba, sai ta yi salati, daga nan kuma zance ya shiga gari.

To, masu ilmin falaki sun daɗe da auna tazarar da ke tsakaninmu da rana, kuma abin da awon ya nuna shi ne, a farkon Janairu, lokacin da sanyin Ingila ke kan ganiyarsa, a nan ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma, lokacin zafinsu, ta fi nisa, wajen kilomita miliyan 152. Kuma da nisa ne sanadi, da duniya duka ta yi sanyi lokaci guda. Amma a Disamban da mutumin Landan ke makyarkyata, mutumin Afirka ta Kudu da na Ostareliya suna tsakiyar zafi, da dogon yini da gajeren dare.

Haƙiƙanin dalili shi ne Allah Ya halicci duniya a karkace, karkatar da ta kai kimanin daraja 23 da rabi, kuma a haka take kewaya rana shekara da shekaru, ta yadda rabinta na arewa ke fuskantar rana a watan Yuni, ya kauda kai a watan Disamba. Wanda ya taɓa haska tocila a tsakar gida ya san cewa idan ya miƙe ta sosai ƙasa, hasken na taruwa wuri guda da ƙarfi, idan ya kwantar da ita sai hasken ya bazu ya dushe, tocilar kuwa ita ce dai, batirinta bai ragu ba. Kano tana daraja 12 arewa da layin ikwaita, saboda haka ko a Disamba rana tana hawa sama sosai, yini kuma ba ya kasa awa 11 ko ya kai 13 duk shekara. Landan kuwa ta haura daraja 51, a ranar 21 ga Disamba yininta bai cika awa 8 ba, kuma ko a lokacin zawali rana ba ta ɗagowa daga gefen sama fiye da daraja 15. Malamanmu da ke auna inuwa da tafin ƙafa don sanin shigar Azahar da La'asar za su fi kowa gane wannan: a Kano, a tsakar rana cikin Disamba, inuwar mutum ba ta kai tsawonsa ba, a Landan kuwa ta kusa ninka tsawonsa sau huɗu.

Idan Yuni ya zo al'amarin ya juye, rana ta fito kafin ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, har a yi makonni hasken da ke biyo bayan gurubi bai gama gushewa ba alfijir ya riske shi. Wannan mas'ala ba baƙuwa ce ga fuƙaha'u ba. Ibn Fadlan, wanda ya je ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga a shekarar 922 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya ba da labarin gajartar darensu, malamai kuma suka yi ta ijtihadi a kan lokacin Isha'i a irin waɗannan ƙasashe tun daga wancan zamani. Abin da musulmi suka rubuta a kansa fiye da shekara dubu da suka wuce bai kamata a mai da shi sabuwar alamar ƙarshen duniya ba.

Inda ya dace a ji tsoro, nan ne ba a magana. Fatar ɗan Adam tana sarrafa bitamin D ne idan wani sashe na hasken rana ya taɓa ta, shi kuma wannan bitamin shi ke taimakon jiki ya tsotsi sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Daga Oktoba zuwa Maris, ranar Ingila ta yi kwance da yawa, ba ta isa yin wannan aiki ba, wadda ta ratso gilashin taga kuwa ba ta yinsa ko da rani, baƙar fata kuma ta fi fara bukatar daɗewa a rana. Don haka hukumar lafiya ta ƙasar ta shawarci jama'a su riƙa shan maikirogiram 10 na wannan bitamin kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata da waɗanda ba su cika fita ba ko suke rufe yawancin jikinsu kuma su duba yiwuwar shansa duk shekara. Matar da ta saba shanya da tsintar shinkafa a tsakar gida, yanzu ta wuni a ɗaki a kan bene, idan ta fara kukan ciwon ƙashi da kasala sai a ce sanyi ne ya shige ta, ko kewar gida, har wani daga gida ya fara zancen sammu, alhali gwajin jini zai iya bayyana matsalar. Yaro mai tasowa kuwa ƙashinsa na iya yin laushi ƙafafu su lanƙwashe.

Tun daga Janairun 2024 Ingila ta taƙaita ɗaliban da ke da izinin zuwa da iyali, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan da yawa daga cikin waɗannan iyalai ta hannun hukuma suke fita, sunayensu da na 'ya'yansu suna cikin fayil a ofis. Jami'in da ya iya sa ɗalibi ya cike takardar alkawarin dawowa ya kuma kawo mai tsaya masa, ba zai gaza haɗa masa da takarda shafi ɗaya ba, wadda za ta gaya masa yadda lokutan salla ke sauyawa a can, da ƙwayar bitamin D da iyalinsa za su nema a kantin magani tun makon da suka sauka.