Furojestaron: sinadarin da ke riƙe ciki

Furojestaron ɗaya ne daga cikin sinadaran da ake kira homon, wato 'yan aiken da wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini domin su isar da umarni ga sassan jiki na nesa. Jiki yana haɗa shi ne daga kolestarol, irin kitsen nan da ake yawan zargi da toshe hanyoyin jini, kuma ko da yake maza ma suna da ɗan kaɗan daga maraina da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda, a jikin mace ne aikinsa ya fi fitowa fili.

A farkon kowane zagayen al'ada, homon ɗin estirojin ne ke kauraro shimfiɗar cikin mahaifa. Idan ƙwai ya nuna ya fito, gurbin da ya bari yakan rikiɗe ya zama wani ɗan ƙullutu rawaya mai tsatso da furojestaron, wanda shi kuma yake sa shimfiɗar ta yi laushi, ta wadatu da jini da abinci. Estirojin ya gina ɗaki ke nan, furojestaron ya yi masa jere. A wannan lokaci ruwan bakin mahaifa yakan yi kauri ya hana maniyyi wucewa, zafin jiki ya ƙaru da abin da bai wuce rabin digiri ba, nonuwa su yi nauyi. Idan ba a samu ciki ba, ƙullutun yakan shanye cikin kimanin kwana 14, sinadarin ya yi ƙasa, shimfiɗar ta rasa mai riƙe ta ta zube, kuma wannan zubewar ita ce jinin haila.

Idan kuwa ciki ya shiga, ɗan tayi yakan saki wani homon na daban, wanda shi ne tsinken gwajin fitsari ke ganowa, domin ya hana ƙullutun mutuwa har zuwa wajen mako na 10, sa'ad da mabiyiya ke karɓar aikin gaba ɗaya. Daga nan furojestaron yakan yi ta hauhawa yana sassauta tsokar mahaifa don kada ta fara naƙuda lokaci bai yi ba. Sai dai sassautawar ba ta tsaya ga mahaifa kaɗai ba, tana shafar hanji da bakin tumbi, shi ya sa mai ciki ke fama da ƙwannafi da taurin bayan gida, kuma wani ɓangare na barci da kasalar da akan ɗauka son jiki ne yana da asali a tasirin sinadarin ga ƙwaƙwalwa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne saukarsa ma aiki ne: duk tsawon goyon ciki yana shirya nono amma yana danne fitar ruwansa, sai mabiyiya ta faɗo, ya ragu farat ɗaya, sannan ruwan nono ya kawo sosai bayan kwana 2 ko 3 na dakashi. Saboda haka guntun mabiyiya da ya maƙale a mahaifa yana iya jinkirta zuwan nono.

George Corner da Willard Allen na Jami'ar Rochester a Amurka ne suka nuna a 1929 cewa ruwan da aka tatso daga wannan ƙullutu yana riƙe cikin zomon da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai, kuma a 1934 masana a Turai da Amurka suka tace sinadarin zallansa. Yana da ɗan karen tsada a lokacin, har sai da Russell Marker ya gano yadda za a haɗa shi daga wata doyar daji ta Meziko a shekarun 1940. Wannan canji a ɗakin gwaji kawai yake yiwuwa; cin doya ba ya ƙara wa kowa furojestaron, duk abin da masu tallan magunguna za su faɗa. A 1951 a birnin Meziko aka haɗa wani makamancinsa da ake iya haɗiya, a 1960 kuma Amurka ta amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko.

Allurar tazarar haihuwa ta wata 3 da ɗan ashanar da ake sakawa a dantse duk makamantansa ne, suna hana ƙwai fita tare da kauraro ruwan bakin mahaifa, kuma rikicewar al'adar da mata ke kuka da ita daga nan ta samo asali. Game da ɓari kuwa, yawancin wanda ke faruwa a farkon ciki daga tangarɗar halittar ɗan tayin ne, wadda sinadarin ba ya gyarawa, kuma babban binciken da aka buga daga Birtaniya a 2019 ya nuna amfaninsa ya fi bayyana ne ga macen da ta ga jini a farkon ciki alhali ta taɓa yin ɓari a baya.