Wa zai shaidi mai gyaran injin ban-ruwa?

Tun kafin zuwan satifiket Bahaushe yana da hanyar nuna gwani. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani akan yi masa zayyana a allo, ya zaga da shi gidajen dangi. Manomin da ya tara dami dubu ya yi bikin dubu, a kira shi sarkin noma. Ƙarfin waɗannan shaidu daga ganin ido yake: malamin yana nan da ransa, damman kuma a bainar jama'a aka ƙirga su.

A 2011, gidauniyar Mozilla ta fito da tsarin Open Badges da tallafin gidauniyar MacArthur. Bajo ne na intanet, ɗan hoto da aka dasa wa sunan wanda ya bayar, da ranar bayarwa, da sharuɗɗan da aka cika. Mai ɗaukar aiki a Legas zai latsa ya gane na gaske ne ko jabu. Yau ɗalibi mai waya da data zai karɓo bajon Cisco daga ɗakinsa ya liƙa a LinkedIn. Sai dai ba duka ne abin tinƙaho ba. Akwai wanda kallon bidiyo kaɗai ke samar da shi.

Hankalina ya fi karkata ga bakaniken da ke yi wa masu noman rani aiki a kewayen madatsar Zobe. A tayar da inji, ya kasa kunne, ya ce fulogi ne ko kafireto, kuma haka ɗin ne. Ya yi shekaru a ƙarƙashin maigidansa kafin a yaye shi, amma shaidarsa tana bakin manoma ne, ba ta wuce Kurfi ba. Ya je Abuja neman aiki, takarda za a fara tambayarsa.

Hanya dai akwai. Ma'aikatar Ƙwadago tana gwajin sana'a mai matakai 3, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin auna ƙwarewar da aka koya a wajen aji. Abin da ya rage masu gwajin su sauko gareji, su yi tambaya da Hausa, su sa sunan maigidan da ya koyar a cikin shaidar. A kuma buga ta a kati mai lambar da waya ke karantawa, domin yawancin waɗannan gwanaye ƙaramar waya ce a aljihunsu.