Rawar da Amurka Ta Taka Wajen Neman Sulhu Tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1948 babu wata ƙasa da ta kai Amurka yawan kai-da-kawowa a kan rikicin Isra'ila da Falasɗinawa, amma duk da haka ba a sami zaman lafiya mai ɗorewa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haka, ta hanyar bin diddigin manyan yunƙurin da Amurka ta yi, sa'an nan a auna su da ma'aunin sulhu irin wanda Bahaushe ya sani. Batun kuwa ba baƙo ba ne ga Nijeriya, domin ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1973, ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, kana ta maido da hulɗa da Isra'ila a 1992.

Ma'aunin Mai Shiga Tsakani

Tushen wannan rikici shi ne ƙasa, Bahaushen karkara kuwa ya san rikicin ƙasa. A wurare irin su Zakirai ta ƙaramar hukumar Gabasawa, inda jama'a suka yi yawa kuma gona ke manne da gona, taku ɗaya a kan iyaka yakan kai maƙwabta gaban mai unguwa ko dagaci. Abubuwa uku ake nema ga mai raba irin wannan gardama. Na farko, ya kasance maganarsa tana da nauyi. Na biyu, kada ya kasance yana da nasa a cikin masu faɗan. Na uku, ya hana kowa taɓa wurin da ake jayayya a kai har a yanke magana. Da waɗannan sharuɗɗa za a auna Amurka.

Daga 1948 Zuwa Camp David

Ranar 14 ga Mayu, 1948, aka kafa Isra'ila, a ranar kuma Shugaba Truman na Amurka ya amince da ita. Yaƙin da aka gwabza a lokacin ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu. A yaƙin kwana shida na 1967 Isra'ila ta kame Sinai da Zirin Gaza da Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Tuddan Golan. Daga nan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242, wanda ya nemi Isra'ila ta janye daga yankunan da ta kame domin a zauna lafiya da ita. Sai dai ƙudurin bai ambaci Falasɗinawa a matsayin al'umma ba. Matsalar 'yan gudun hijira kawai ya ambata.

Bayan yaƙin 1973, Sakataren Harkokin Waje Henry Kissinger ya yi ta zirga-zirga tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya har aka raba sojojinsu. Amma a 1975 Amurka ta yi wa Isra'ila alkawarin ba za ta tattauna da Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu, wato PLO, ba, sai ta amince da Isra'ila da kuma ƙuduri na 242. Saboda ganawa da wakilin ƙungiyar ne ma Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bar kujerarsa a 1979.

A Satumban 1978 Shugaba Carter ya tsare Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila kwana 13 a Camp David. Sakamakon haka aka ƙulla yarjejeniyar 1979, Masar ta karɓi Sinai a 1982. Ɓangaren da ya yi alkawarin ba Falasɗinawa ikon gudanar da harkokinsu kuwa bai tabbata ba, dama kuma ba da su aka yi zaman ba.

Daga Madrid Zuwa 2014

Boren Intifada da ya ɓarke a Disamban 1987 ya sauya al'amura. A 1988 Yasir Arafat ya karɓi sharuɗɗan Amurka, ita kuma ta soma magana da PLO. A 1991 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kira taron Madrid, inda Falasɗinawa suka zauna a cikin ayarin Jodan. Abin lura shi ne, yarjejeniyar Oslo ta 1993 a ƙasar Norway aka ƙulla ta a asirce. Fadar shugaban Amurka wurin sa hannu kawai ta zama, ranar 13 ga Satumba.

Oslo ta haifar da Hukumar Falasɗinawa, amma ta ɗage batutuwa masu wuya zuwa gaba: Ƙudus, 'yan gudun hijira, iyakoki da matsugunan Yahudawa. An kashe Firayim Minista Yitzhak Rabin a 1995, hare-haren ƙunar baƙin wake na Hamas kuma suka rage wa Isra'ilawa amanna da sulhun. Taron da Shugaba Clinton ya kira a Camp David a Yulin 2000 tsakanin Arafat da Ehud Barak ya watse, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi, sai ga Intifada ta biyu. Ana kukan targaɗe ke nan sai ga karaya. Taswirar zaman lafiya ta 2003 da taron Annapolis na 2007 da ƙoƙarin John Kerry na 2013 zuwa 2014, duk haka suka ƙare.

Daga 2017 Zuwa 2025

A Disamban 2017 Shugaba Trump ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, a 2018 kuma aka mayar da ofishin jakadancin Amurka can. A 2020 Amurka ta sasanta Isra'ila da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko, ba tare da an warware ko ɗaya daga batutuwan Falasɗinawa ba. Harin Hamas na 7 ga Oktoba, 2023, ya kashe mutum kimanin 1,200 a Isra'ila, yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza kuma ya kashe dubun-dubatar Falasɗinawa. Tsagaita wutar Oktoban 2025 ta samu ne da matsin lambar Amurka, tare da Masar da Ƙatar da Turkiyya.

Auna Rawar Amurka

A kan sharaɗi na farko Amurka ta cika ma'auni. Eisenhower ya tilasta wa Isra'ila ficewa daga Sinai a 1957, haka kuma Bush babba ya jinkirta lamunin bashin dala biliyan 10 a 1991 saboda matsugunai. Wannan ya nuna in ta ga dama ana jin maganarta.

A kan na biyu ne ta gaza. A 2016 ta yi alkawarin ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma. Ta sha hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu domin kare Isra'ila, har da 2024 lokacin da Falasɗinu ta nemi cikakkiyar kujera a Majalisar. Dalilan haka sun haɗa da ƙawancen tsaro tun zamanin gāba da Sobiyet, da tasirin masu goyon bayan Isra'ila a siyasar cikin gida.

Sharaɗi na uku ma bai cika ba. A 1993 Yahudawan da ke matsugunan Yammacin Kogin Jodan, ban da Gabashin Ƙudus, kimanin 110,000 ne. Bayan shekara 30 sun kai wajen 500,000. Ana cikin shari'a ke nan, ɗaya yana ta shuka a gonar da ake jayayya a kanta.

Har ila yau, ba daidai ba ne a ɗora wa Amurka laifin duka. Rabuwar Fatah da Hamas tun 2007 ta bar Falasɗinawa da baki biyu, jam'iyyun da ke ƙin kafa ƙasar Falasɗinu kuma sun ƙara ƙarfi a Isra'ila.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Amurka ta yi nasara ne a inda ƙasa ke sulhu da ƙasa, kamar Masar a 1979 da Jodan a 1994, ko a inda ake neman tsagaita wuta. Tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi kuwa, ƙarfin da ya sa ba a iya yin sulhu ba da ita ba, shi ne ta jingina ga ɓangare ɗaya. Muddin ana tsallake batun ƙasa da Ƙudus da 'yan gudun hijira, abin da za a riƙa samu hutun yaƙi ne, ba ƙarshensa ba.